Dutsen Taimamar Inna

Ƙwas! Ƙarar da na jiyo ke nan daga ɗakin Inna, ina tsugune bakin rariya ina wanke shinkafa. Ba wata babbar ƙara ba ce, kamar dai murfin tukunya ya zame a hannun yaro, shi ya sa ban ko ɗaga kai ba sai da na ji Ummi ta fashe da kuka.

Ku da kuke tare ni a islamiyya da gidajen suna, har a bakin kasuwar kifi, kuna cewa, "Hadiza, wai da gaske har Nijar kika je saboda dutse?" to ga amsarku a rubuce. Na gaji da maimaitawa da baki, don duk lokacin da na ɗauko zancen sai raina ya sake ɓaci, in kasa kai ƙarshe.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fataucin banda ya yi. Yakan sari kifi a Yelwa da Wara, ya ɗaure a kwanduna ya nausa arewa har bayan Abalak. A irin wannan tafiyar ya kawo wa Inna wani dutse mai ruwan ƙasa, girmansa bai wuce tafin hannu biyu ba, ya ce mutanen can da shi suke taimama saboda ƙarancin ruwa. Yana nan ajiye a ƙasan adakarta har Baba ya rasu. Da ciwo ya kwantar da ita ta dawo gidana, ga gyambo a ƙafa wanda likita ya hana a jiƙa, ga ƙirji mai tashi da zarar sanyi ya taɓa ta, sai dutsen nan ya zama shi ne butarta. Damina ta zo ta wuce ba sau ɗaya ba tana sallah da shi, har ya yi sulɓi saboda shafa.

Ranar nan Ummi, ƙaramar 'yata kuma takwarar Inna, ta zo miƙa mata shi, ya suɓuce ya faɗi kan siminti ya rabe biyu. Da na ɗauka sai na tsaya ina kallo. Cikinsa sak faskaren itace: ga zare-zare a miƙe, ga zobe-zobe irin na kututture, har da ɗan gurbin reshe. Na ce Allah mai iko. Inna ta lallashi takwararta, ta ce ai yanzu ma ya zama biyu, ɗaya na ɗaka ɗaya na tsakar gida.

Da abin ya tsaya nan, da ba ku sami labari ba. Amma da yamma sai ga Sagiru, autanmu, mai shagon waya a bakin tasha. Sagiru yaro ne mai son addini, ba zan hana shi wannan ba, sai dai karatunsa rabi a gaban malam ne, rabi a cikin waya. Ya ɗauki ɓarin dutsen ya haska da fitilar wayarsa, ya juya, ya ƙwanƙwasa da farce.

"Inna, wanga ai icce ne."

"Icce kuma, Auta?"

"Icce ne ƙwarai. Kuma taimama ba ta yi da icce. Tun yaushe kike sallah da shi?"

Na ce, "Sagiru, rufa mana baki. Wane irin icce ne ya fi guduma nauyi?" Ya ce, "Yaya, addini ba a sa son rai." Ya sha fura ya tafi abinsa, ya bar mu da tsohuwa tana ƙirga sallolinta da yatsu.

Washegari tun asuba ta ce a kawo buta. Ta yi alwala, ta jiƙa ƙafar da aka hana, ta yi sallar asuba, ta ɗora da ramuwa. Haka ta shiga yi kullum, bayan kowace farilla sai ta jero wasu har ta kasa ɗaga kai. Muna ɗumama ruwan, amma gyambo bai san ɗumi ba, ya buɗe ya hau tsattsafo. Tarin da muka samu ya lafa ya dawo. Maigidana ya ɗauko liman na unguwarmu, ya duba ya ce dutse ne, sallarta ta yi. Yana fita ta ce, "Tausayina ya ji. Shi bai ga inda anka ɗauko shi ba." Ni kuwa ko na yi magana ba ta kallona. Ni ce 'yar fari, ko sunana ba ta faɗa, "ke" ce kawai tun ina yarinya. Maganar Auta kuwa ko ta karkace, a kunnenta a miƙe take.

Na sami Sagiru a shago na ce ya zo ya janye. Ya ce ba zai sayar da lahirar uwarsa don a ji daɗi ba. Na dawo gida na shiga ɗaki na yi kuka, na fito na ce wa maigida, "Abban Ummi, izini nake nema. Zan je inda dutsen nan ya fito, kuma da Sagiru zan tafi, shi ne muharramina, shi ne kuma mai laifin." Ya ce Allah ya tsare. Ƙanwar Inna ta zo daga Wara ta zauna da ita. Kafin mu fita Sagiru ya ce a jefar da ɓarin da ya rage don kada ta manta ta shafa. Ɗayan ɓarin na naɗe a tsohon kallabinta na sa a jaka.

Mun bar Yelwa ruwa ya cika tafki maƙil, jirage na shawagi har gindin gonaki. Na ɗauki kwandon banda da ƙullin albasa na tsaraba, don ba a zuwa gidan aminin uba hannu sake. Hanyar Koko zuwa Jega kun san ta, ba sai na ɓata takarda ba. Abin da ba ku sani ba shi ne, yaron mota ya ɗora wa kwandona buhun masara, kafin mu kai Tambuwal rabin bandar ta koma gari. Ƙamshi ya cika mota, wani ɗan kasuwa a gaba yana ta toshe hanci, ni kuma na ce masa ya yi haƙuri, da wannan warin aka biya mana kuɗin makaranta.

Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Shanga za ta Sakkwato ganin jika. Ta ga ni da Sagiru ba mai ce wa wani uffan, ta zungure ni. "Ɗiyata, wanga mijinki ne kunka yi faɗa?" Na ce ƙanena ne, na ba ta labari tun daga ƙarar nan. Ta leƙa fuskarsa ta ce, "Samari, ashe kai ne babban malamin? To in tambaye ka, kai ka koya wa uwar taka sallah, ko ita ta koya maka?" Motar duka aka kwashe da dariya. Sagiru ya cusa abin sauraro a kunne, bai cire ba har muka shiga gari. Na so in ji daɗi, amma da na tuna a daidai lokacin nan Inna na can tana jiƙa ƙafa, sai na kasa dariyar.

A Sakkwato muka sauka gidan wata ƙawata ta makarantar sakandare, da safe muka kama hanyar Illela. A kan iyaka aka raba mu, maza gefe mata gefe. Wata ma'aikaciya mai fara'a ta ce in buɗe jaka. Ta ɗaga kallabin Inna, ta warware, ta ga ɓarin dutse. Ta dube ni, ta dubi dutsen.

"Hajiya, na ga mai tsallakawa da atamfa, na ga mai tsallakawa da magani. Mai kai wa Nijar dutse yau na fara gani. Cewa suka yi sun rasa?"

Na ce mata gida zan kai shi ya gaida danginsa. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta kira abokiyar aikinta ta gani, sannan ta naɗe min shi da kyau fiye da yadda na naɗe.

Daga Ƙwanni komai ya fara sauya min. Hausa ce ake yi, irin ta su Inna ma, amma a tsakiyarta sai ka ji an jefo kalmar Faransanci, ka tsaya baki buɗe. Na nemi burodi aka miƙo min wani dogo mai tauri kamar muciya, na ce wa mai shayin ko na jiya ne, ya ce yanzu aka fiddo shi, haka ake cinsa. Ya fasa min dasashi, amma kafin mu baro ƙasar na saba har ina nema. A Tawa na sha furar da ban taɓa shan irinta ba, gero zalla da nono mai kauri, ba sukari, kuma ba ka neman sukarin.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda itatuwa ke raguwa. Ɗorawa ta fara ɓacewa, sai kaɗanya, sai kuka. Can sai gawo da aduwa jefi-jefi, daga baya su ma suka bar mu da ƙaya gajeru. Bayan Abalak muka hau bayan wata tsohuwar a-kori-kura, mu da buhunan gero da akuya biyu. Ɗaya daga cikinsu ta cinye min gefen mayafi ina gyangyaɗi. Sagiru ya gani bai kore ta ba, na riƙe wannan ma a cikin laifuffukansa.

Garin da muka nufa sunansa na Buzaye ne, bakina bai taɓa iya shi ba. A gidanmu Rijiya Biyu muke ce masa tun zamanin Baba. Mai masaukin Baba ya daɗe da rasuwa, amma ƙanensa Malam Agali yana nan, tsoho dogo, shi ne limamin garin. Da aka ce masa ga 'ya'yan mai kifi na Yawuri, ya riƙe hannun Sagiru ya ƙi saki, yana ta kiran sunan Baba. Idonsa kawai nake gani, don mazan can su ke rufe fuska da rawani har hanci, ko abinci za su ci sai sun zura ta ƙasa. Matan kuwa fuska a buɗe, su ke da ɗaki da kayan ɗaki, kuma suna magana a gaban maza ba sa sunkuyar da kai. Da farko abin ya ba ni kunya, daga baya na ce ina ma a ba ni aron bakin ɗaya daga cikinsu in tafi da shi gida.

Matarsa, Tanti Fatima suke ce mata, ta karɓi garin bandar nan kamar na kawo zinariya. Ta kira maƙwabta, kowacce ta ɗiba a tafin hannu tana shinshina. Suka ba mu tuwon gero da miyar kuka, da cuku, busasshen nono mai tauri wanda sai an jiƙa a shayi. Da na nemi wanka aka ba ni ruwa a 'yar ƙwarya, na zauna ina jiran a kawo sauran. Tanti ta leƙo ta ce, "Ɗiyata, mi kike jira?" Ni da na tashi a bakin tafki, muna wanke tabarma da ruwan da zai ishe su mako, ranar na san ban taɓa gode wa Allah a kan ruwa ba.

Da safe na kwance kallabi a gaban Malam Agali, na faɗi abin da ya kawo mu, ban rage komai ba. Ya karɓi ɓarin dutsen ya shafa, ya ce, "Na san wanga. Ni na raka babanku ya ɗauko shi." Ya aika aka kira malamin makarantar bokon garin, wanda suke kira Mushe Idi, wato Malam Idi a Faransancinsu, ya ce mu tashi.

Tafiya ce ta ƙafa mai ɗan nisa, cikin tsakuwa da rairayi, ba inuwa ko ta tsayuwar mutum ɗaya. Muna hawa wani tudu na hango su. Wallahi da farko na ɗauka wasu ne suka sare daji suka bar gungume. Ga su nan kwance, manya-manya, wani ya fi maɗacin bakin kasuwarmu kauri, wani ya kakkarye gaɓa-gaɓa kamar an yanka rake. Ga ɓawo, ga gurbin rassa. Na kai hannu na taɓa, zafin rana ya ƙone ni, dutse ne tsantsa. Na ɗora ɓarin Inna a kan wani, launi ɗaya, zare ɗaya. Sai hawaye suka zubo min, don na ga kamar Baba ne ya tsaya a wurin da hularsa mai warin hayaƙi.

Mushe Idi mutum ne mai magana a hankali. Ya ce waɗannan itatuwa sun girmi duk wani lissafi da mutum zai riƙe a kai. Ruwa ne ya binne su cikin laka, ƙasa ta riƙa shiga jikinsu sannu a hankali tana maye gurbin itacen, har ya zama ba sauran itace ko ƙwaya, sai siffar kawai. Ya ce bayansu ma duniya ta sha juyawa. An yi zamunan da sanyi ya kama ta, ƙanƙara ta rufe ƙasashen can arewa mai nisa, nan kuma ya bushe fiye da yau. Da ƙanƙarar ta narke sai damina ta hauro, wurin nan ya yi tafkuna da ciyawa, itatuwan da yanzu sai an gangara wajenmu ko kudu da mu ake ganinsu suka tsiro a nan.

Na ce, "Mushe, tafki? A nan?"

Ya kai mu wani kwari mai farar ƙasa a bayan tudun, ya tona da ƙafa. Ga bawon katantanwar ruwa birjik. Na tsuguna ina tonawa da kaina, sai hannuna ya ci karo da wani ƙashi mai kamar ƙaramin turmi. Ban buƙaci a faɗa min ba, na tsotsi irinsa tun ban yi wayo ba. Ƙashin bayan giwan ruwa ne. Giwan ruwa, a wurin da aka ba ni wanka a ƙwarya! Na tuna tafkinmu da na baro a cike, na tuna motocin gawayi da ke fita daga dazukanmu kullum, da ɗorawar bayan gidanmu da aka kayar bara don an ce tana zubar da ganye.

Muna dawowa wajen gungumen muka ji ana dukan wani abu. Wasu mutane ne da babbar mota, baƙi, suna farfasa wani kututture da guduma suna lodawa. Malam Agali ya ce birni ake kai su, masu hali na jerawa a ƙofar gida don ado. Ya ce ya yi magana ya gaji. Ni ban gaji ba, sabuwar zuwa ce. Na ce, "Bayin Allah, abin da Allah ya ajiye tun kafin kakanninku, ku ne za ku ƙarar da shi a yini ɗaya don wani ya jingina takalmi?" Ɗaya ya ce, "Hajiya, dutse ne fa." Na juya na kalli Sagiru na ce, "Ka ji. Har ɓarawonsa ya san dutse ne."

Azahar ta same mu a can, ruwan da ke gare mu na sha ne kawai. Malam Agali ya tsuguna gaban wani gungume, ya yi bisimilla, ya buga tafukansa a kai ya shafi fuska da hannuwa. Mushe ya yi haka. Na yi haka, a daidai inda na ga dutsen ya yi sulɓi saboda hannuwan mutanen da suka riga mu. Sagiru ya tsaya yana kallo, sannan ya matsa gefe ya buga nasa hannun a rairayi. Ban taɓa jin ina son marin mutum ana shirin tayar da sallah ba sai ranar. Na yi istigfari na kabbara, amma Allah ya sani zuciyata tafasa take.

Bayan an sallame tsohon ya kira shi. "Ɗana, rairayi ma ya yi, ba laifi. Amma zo in tambaye ka. Wanga in an sa shi wuta, shina ci?" Sagiru ya ce bai sani ba. "In an jefa shi ruwa, shina tasowa? Gara na cinsa? To hukunci na bin abin da ke gabanka yau. Ubana da kakana malamai ne, a kansa sunka yi taimama har sunka koma ga Allah." Sannan ya sassauta murya. "Ko da shakka ta kama ka, ba a gaban marar lafiya ake zubar da ita ba. Sai ka tai ga manya ka tambaya tukuna. Kai ka faɗi magana ka tafi shago, ita ka bar ta da dare da rana."

Muka koma gari. Da la'asar ina taya Tanti tsince gero na hango shi a gindin ɗan murhun shayi shi kaɗai, yana ta fifita. Na lallaɓa na tsaya a bayansa. Ashe wani ɗan guntun dutsen ya tsinto ya cusa cikin garwashi, yana hurawa har idonsa ya yi ja. Gawayi ya cinye ya zama toka, guntun na nan yadda yake.

Na ce, "Malam, a ƙaro gawayi ne?"

Ya zabura har ya kifar da butar shayin. Da za mu taso shi ya ɗauki jakata, kuma da akuya ta matso a mota ya kore ta.

A Tawa waya ta samu, na kira gida. Ƙanwar Inna ta ce tarin ya yi tsanani har an kai ta asibiti an dawo, kuma ko a gadon asibitin buta take nema. Na miƙa wa Sagiru wayar ya ji da kunnensa. Daga nan har Yelwa ban tuna abin da na ci ba, ban tuna wanda na zauna kusa da shi ba.

Mun same ta ta rame, idanu sun faɗa, ƙafa a naɗe da bandeji. Na zauna na ba ta labarin gungume, da masallatan da suka sulɓe dutse da hannuwansu, da gaisuwar Malam Agali. Tana ji tana gyaɗa kai, amma idonta na kan Auta. Ya durƙusa ya gyara murya.

"Inna, to, an dai samu saɓanin fahimta a mas'alar..."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Wane saɓani? Sagiru, ka ji tsoron Allah! Da za ka ɗora mata kayan nan ba ka ce saɓani ba, cewa ka yi icce ne ƙwarai. Faɗa mata abin da ka sa a wuta!" Ban taɓa ɗaga murya a gaban Inna ba tunda aka haife ni. Ƙanwarta ta kama bakinta.

Ya sunkuyar da kai. Can ya jawo jakata, ya kwance kallabin, ya ɗora ɓarin dutsen a cinyarta. Ya kama hannuwanta biyu ya aza a kai.

"Dutse ne, Inna. Na sa shi wuta bai ci ba. Sallarki ta yi, duk ta yi. Ni ne ban sani ba na faɗa. Ki yafe min."

Ta daɗe hannunta na kai. Sannan ta ce, "Allah shi yi maka albarka, Auta." Shi aka sa wa albarka. Ni da na sha rana, akuya ta ci mayafina, ko kallo ban samu ba, sai da na juya zan fita na ji ta ce, "Ke. Kin ci abinci?" Wanda ya san Inna ya san ta gama yi min godiya.

Kada ku tambaye ni ko na huce, ban huce ba. Gyambon nan har yau bai koma yadda yake kafin ta fara jiƙa shi ba, likita ya ce sai an yi haƙuri. Sagiru na zuwa kullum da ayaba da magani, ina amsa gaisuwarsa, ina roƙon Allah ya wanke min zuciya, amma duk na ji tarinta sai abin ya dawo sabo. Abin da na roƙe ku, ku da 'ya'yanku masu saurin cewa ya halatta bai halatta ba, ku riƙa duban fuskar wanda kuke faɗa wa.

La'asar ɗin ranar da muka dawo, ta yi taimama ta yi sallarta raka'a huɗu, ba ta ɗora komai a kai ba, ta kwanta barci ya ɗauke ta. Na shiga gyara mata matashi, sai hannuna ya taɓa wani abu mai tauri a ƙasa. Na jawo. Ɗayan ɓarin ne, wanda Sagiru ya ce a jefar. Ummi na tsaye a bakin ƙofa tana murza gefen rigarta, ta ɗauka faɗa zan yi.

"Mama, ban jefar ba. Kullum in kowa ya fita sai ta ce in miƙo mata. Ba taimama take yi ba, wallahi. Riƙewa kawai take yi, ta ce na Baba ne."